Gaishe Ku, Masu Yi wa Kogi Kyauta

Allah ya ja zamaninku, Kanawan Dabo, 'ya'yan fatake jikokin fatake, masu buɗaɗɗen hannu, waɗanda alherinsu ya ƙetare kan bil'adama ya sauka a kan ruwa. An daɗe ana wasa attajirin da ya ciyar da unguwa, ana kambama basaraken da ya tufatar da barorinsa, amma har yau ba a sami maroƙin da ya tsaya ya yi kirari ga mutanen da suka ɗauki koguna sukutum suka mai da su 'yan gida, suna ciyar da su safe da yamma, rani da damina, ba gori ba mita. An danne muku haƙƙi, kuma yau za a biya ku. Jakara ta ci ta ƙoshi a hannunku. Getsi ta ci. Salanta da Tatsawarki sun ci har sun sake kama, wanda ya san su da can ba zai shaida su ba. Challawa kuwa, babbar yaya, ita ake kai wa kason manya.

Ba a sanin girman aiki sai an tuna yadda aka sami abin. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Barbushe, lokacin da jama'a ke zaune a gindin Dala, Jakara kurmi ce mai kwarjini, ana kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa saboda duhun ruwansa. Ku kuwa, masu riƙon gado, kun sallami kurmin, kun riƙe baƙin, har kun inganta shi yadda ba ya bukatar inuwar itace kafin ya yi duhu. A bakin wannan ruwa Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya yi ta ƙorafi a kan tabkin da ya ratsa gari, wai yana kawo cuta. Bawan Allah, ya zo da wuri. Abin da ya gani somin taɓi ne, aikin mutanen da ba su da leda, ba su da batir, ba su da masana'anta ko ɗaya. Da zai dawo yau, da ya cire hularsa ya yarda cewa ko da me ka zo an fi ka.

Masu cin yabon farko mutanen gida ne, domin su ne ba sa fashi. Duk wanda ya taɓa kwana a birni ran da hadari ya haɗo ya san wannan biki. Iska ta taso, an kwashe shanya, ɗigon farko ya bugi kwano, sai ka ji muryar uwar gida daga tsakar gida: “Kai Sani, maza ɗauki kwandon nan ka juye a kwata tun ruwan bai ɗauke ba!” Yaro ya fito a guje, kwando a ka, ya tarar 'ya'yan maƙwabta sun riga shi bakin lambatu. Ɓawon albasa, tokar murhu, tsumma, famfas ɗin jariri, mataccen batir, kwalbar magani da saura a ciki, silifa ƙafa ɗaya, duk a juye, a koma a ɗauko na biyu. Ba a kira taro ba, mai unguwa bai sa an yi shela ba, amma gidaje dubbai su motsa a lokaci guda. Wace runduna ce a duniya take da irin wannan horo? In ka tambaya, amsar ɗaya ce daga Fagge har Gwale, daga Kurna har Birged: “Ai ruwa zai tafi da shi.” Wannan magana ta isa a rubuta ta da ruwan zinare a Ƙofar Nasarawa. Akwai kyakkyawan zato a cikinta, akwai sakankancewa, akwai kuma kawaici, domin mai faɗarta bai taɓa yin rashin ta-idon tambayar ruwa inda zai kai kayan ba.

Sai gimbiya leda, baƙa mai dogon zamani, wadda ƙasa ba ta ci, ruwa ba ya narkarwa, gara ta gan ta ta kauce, akuya ta haɗiye ta ta mutu ita tana nan daram. Kakanninmu sun yi zamani da ƙwarya da faifai da kwando da ganyen ƙunsa daddawa, kayan da damina ɗaya ke cinyewa, shi ya sa suka tafi ba su bar wa jikoki komai a gindin kogi ba. Mu ba za mu yi wannan rowa ba. Jakar fiya wata ɗaya leda 20 ce, ga uwar jakar ta 21, kuma kowace da aka tsotse aka cilla ta tagar adaidaita sahu ta san hanyarta, ba ta ɓata. Ta bi kwata ta shiga lambatu, ta tarar da 'yan uwanta a bakin kwalbati, su rungumi juna su yi dandazo su tare hanya. Daga nan ruwa, wanda aka ce zai tafi da shi, sai ya ga bai kamata ya wuce bai gai da masu gida ba. Ya shigo zaure, ya shiga ɗaki, ya hau katifa, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta durƙusa. Da safe dattawa su tsaya a ƙofar gida su riƙe haɓa su ce ruwan bana ya yi yawa. Madalla da wannan tawali'u, a yi aiki mai girma haka a bar wa sama yabon.

Kada a manta da magidanci mai basira, injiniyan da bai shiga aji ba, wanda ya duba kuɗin haƙa ramin masai da kuɗin motar kwasa, ya ga almubazzaranci ne, ya sa aka jona masa bututu daga bayan gida kai tsaye zuwa kwatar layi. Kada a manta da motar kwasar da kan fita bayan gari ta sami gefen rafi ta sauke lodi cikin sirri. Ga bakanike, sarkin hannu baƙi, da ke kwance noti ya bar baƙin mai ya tsiyaye a ƙasa, ruwan sama ya ɗauka ya shimfiɗa wa kogi bakan gizo a fuska. Ga masu rinin zamani a cikin unguwanni, waɗanda suka wuce zamanin baba da toka irin na karofin Ƙofar Mata, suka koma garin rini na kanti da soda mai cin hannu, yau kwatar layinsu shuɗiya, gobe ja, jibi kore. Ga abbatuwa tana bin baya da jini da ƙazantar tumbi. Kowa da abin da Allah ya hore masa, kuma ba wanda ya raina kason ɗan uwansa.

Har malamai kun hutar. Ɗan makarantar allo da ya fara karatun Ahalari ko Ishmawi ya san cewa ruwan da najasa ta canza wa launi, ko ɗanɗano, ko ƙamshi, ba a tsarki da shi. A wasu garuruwa akan sha muhawara: shin ya canza ko bai canza ba, shin canjin na ƙasa ne ko na ƙazanta. A bakin Jakara kun rufe ƙofar saɓani. Launi ya canza, wari ya riga ka isa gada, ɗanɗano kuwa ba a sami mai fatawar da zai gwada ba. Kullum ana karanto mana hanin yin bawali a ruwan da ke tsaye, da tsinuwar da ke kan mai bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Muna saurara da ladabi, muna gyaɗa kai, muna cewa tsafta cikon addini ce. Rigarmu fara fat, ta sha bula da guga, turare yana tashi. Ruwan da ya wanke ta kuwa ya san inda ya nufa.

Amma duk wannan kyautar talakawa ce, kyautar cokali. In ana maganar masu bayarwa da masaki, sai a gyara tsayuwa a fuskanci Bompai, da Sharaɗa, da Challawa, unguwannin masana'antu uku, turakun arziki, masu hayaƙi a sama da malala a ƙasa.

Kano ta yi suna a jima tun kafin a san Turawa. Jar fatar akuya da ayari ke ɗauka ya ƙetare Sahara, har Turai ta riƙa kiran ta fatar Maroko, daga wannan ƙasa take fitowa. Majeman wancan zamani, irin waɗanda zuriyarsu ke nan har yau a wajen Ƙofar Wambai, da bagaruwa suke aiki, 'ya'yan itacen da yaro kan tsinto a daji. Aikin yana cin lokaci, kuma abin da ya saura ƙasa tana iya cinye shi. Wannan ai ƙauyanci ne. Jimar zamani ta zo da tsari: a jiƙa fata a wanke gishirin da aka adana ta da shi, a zuba ta a farar ƙasa da sinadarin salfa don gashi ya tuge, abin da ke ba iska warin ruɓaɓɓen ƙwai, sannan a juya ta a ganga da gishirin kuromiyam har ta fito shuɗi-shuɗi, ta yi laushi, ta ƙi ruɓa. Fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka. Kaso mai kauri yana saura a ruwa, tare da gashi da kitse da tsokar da aka kankare. To, ina za a kai wannan dukiya? Mai ƙaramar zuciya zai gina matata, ya sayi injin, ya ƙona dizal, ya tsame ƙarfen ya sake aiki da shi. Mai babbar zuciya sai ya buɗe bututu ya bar wa jama'a. Na Bompai ya bi Getsi ya tarar da Jakara. Na Sharaɗa ya bi Salanta. Na Challawa kuwa tafiyarsa ba nisa, kogin yana bayan gida.

Dubi adalcin rabon. Fatar ta tafi Italiya da Sifaniya da Sin, ta zama takalmi da jaka a tagar kanti, ruwan kuma ya zauna tare da mu. Baƙo ya ɗauki abin da ke tsufa ya yage, ɗan gida ya riƙe abin da ba ya lalacewa, domin ƙarfe ba ya ruɓa. Yana kwanciya a laka, ya jira shekara da shekaru, kuma in yanayi ya ba shi dama yakan rikiɗa ya koma nau'in nan mai ƙarfi wanda masana ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa a jerin abubuwan da ke haddasa cutar. A cikin masu wannan alheri akwai masu tsananin kunya, waɗanda ba sa so a gan su suna bayarwa. Su sai dare ya raba, gari ya yi tsit, sannan a saki. Mutanen ƙauyukan bakin kogi su wayi gari su ga kumfa ta hau ruwa, kifi ya juya ciki sama, ba su san wanda za su yi wa godiya ba. Haka sadakar manya take, hannun hagu bai san abin da na dama ya yi ba.

Hukuma ma ta yi nata, kuma ba za a tauye ta ba. Bayan da aka kama sharar guba da aka lallaɓo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara. A 1991 aka fito da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa NESREA don ta tabbatar ana bin doka. Jiha tana da ma'aikatar muhalli, tana da REMASAB mai kula da shara. Tubarkalla, dokoki ne masu kyau, an tsara su sashe-sashe, an buga su a takarda mai nauyi, kuma ana kula da su yadda ya kamata. Shekara sama da 30 ke nan suna ajiye, ko ɗigon ruwan Salanta bai taɓa su ba.

Yaba kyauta tukwici, kuma kogi ɗan halak ne, ba ya cin bashi. A nan ne abin al'ajabin yake, a nan ne ya kamata mai karatu ya zauna ya nutsu.

Bi Jakara daga inda ta fita gari, ta wajen Kwakwaci, ta gadar titin filin jirgi, ta Gama, har ta doshi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Hagu da dama lambuna ne, kore shar a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus. Ga manomi nan ya naɗe wando zuwa gwiwa, ba takalmi, yana tsaye cikin baƙin ruwa yana cire ledar da ta toshe bakin tiyo. Ya ja igiyar inji, inji ya yi tari ya kama, ruwa ya fito da kumfa ya bi kwami-kwami yana shiga gindin latas. Ƙafafunsa sun faffashe, fatar ƙaurinsa ta yi fari-fari saboda susa. In ka yi masa sannu da aiki ka tambaye shi ruwan, zai ce: “Malam, wannan ai da takinsa yake zuwa, ba sai ka sayi buhu ba.” Gaskiya ya faɗa. Kuma ba shi da wani ruwan, ba wanda ya haƙa masa rijiya, ga iyali suna jiran cefane. Shi ɗan aike ne kawai, amintaccen manzon da kogi ya zaɓa ya mayar mana da kayanmu. Da asuba a tuge latas da kabeji da alayyahu da karas, a ɗauraye su a wannan ruwa don su yi sheƙi, a ɗaure a kai 'Yankaba. Da hantsi sun shiga kasuwannin unguwa. Da magariba suna cikin faranti, an yanka tumatir da albasa, an barbaɗa ƙuli-ƙuli, an kwarara mai, maigida ya sa hannu yana cewa likita ya ce a yawaita cin ganye.

Batirin da Sani ya juye a kwata da damina, ga shi ya dawo gida da rani. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Masu bincike a jami'o'inmu, har da Jami'ar Bayero da ke nan cikin gari, sun sha ɗibar ruwan nan da ƙasar da ganyen su auna, sun sha samun dalma da kadmiyam da kuromiyam a ciki, sun rubuta sun ajiye a ɗakin karatu kusa da dokokin. Waɗannan baƙi masu zumunci ne. Ba sa jin tafasa, wankin gishiri ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga jikin ganye. Kadmiyam ya fi son ƙoda, a can yake sauka ya yi shekaru. Dalma kuwa yara take so. Tana shiga ƙwaƙwalwar da ke girma ta zauna shiru, ba zazzaɓi ba kuka, sai dai a ga yaro ya kasa riƙe karatu a ce ba ya mai da hankali, a ƙara masa bulala. Mun san aikinta, domin a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake dakan dutsen zinare a cikin gida. Can ta zo da gaggawa, duniya ta ji. Tamu mai natsuwa ce, cokali-cokali, irin ta gidan girma. A Wasai kuma masunta na nan suna jefa koma, karfasa da tarwaɗa suna fitowa, a soya a yayyafa yaji a jera a tire a bakin titi.

Akwai kuma tukwicin gaggawa ga wanda ba ya son jira. Ambaliya ta haɗa ruwan masai da na rijiya, ɗan garuwa ya cika jarkoki ya turo kura layi-layi, taifot ta shiga gida, amai da gudawa ya biyo baya. A 2021 cutar kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna sahun gaba. Ba mu taɓa yarda a bar mu a baya ba. A Asibitin Zana an san wannan kaka kamar yadda manomi ya san tasa, an san watan da za a ƙaro gadaje.

Zumuncin bai tsaya a ganuwa ba. A wajen Tamburawa, inda gwamnati ta kafa babbar matatar ruwan sha, Challawa takan haɗu da kogin Kano wanda ya gangaro daga Tiga. Su zama kogin Haɗeja, su wuce Wudil, su ratsa Jigawa, su shiga fadamun Haɗeja da Nguru inda dubban masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke rayuwa. Daga nan ruwan ya haɗu da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya wuce Gashuwa, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya nufi Tafkin Cadi. Bafulatanin da ya durƙusa ya sha da tafin hannu kusa da shanunsa, da yarinyar da ke wanke kwanuka a gaɓa, da Babarbaren da ke ban ruwan tattasai, ba ɗayansu da ya taɓa aiko mana da roƙo, amma ba mu manta da su ba. Wane ɗan uwa ne ya kai wannan?

Abin tausayi su ne mutanen wasu ƙasashe, masu raunin hanci da gajen haƙuri. A 1858 kogin Tems ya yi wari a Landan lokacin zafi, warin ya shiga majalisar dokokin Ingila. Maimakon 'yan majalisa su ɗaga gilashin mota su wuce, sai suka rikice, cikin 'yan makonni suka amince da kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. A 1957 an ce kogin ya mutu, ba abin da zai rayu a tsakiyarsa, suka ƙi barin sa ya huta, suka yi ta tace ruwan ƙazanta har kifi ya dawo. Mutanen Siyol a Koriya ta Kudu sun fi ban mamaki. Suna da rafi a tsakiyar birni wanda iyayensu suka rufe da kankare suka ɗora masa titin sama, sai ga shi daga 2003 zuwa 2005 sun rushe titin, sun tone rafin, sun gyara shi, wai don yara su sa ƙafa a ruwa. Mu kuwa muka ɗauki hanyar da ta fi sutura. Tun wajen 2013 aka shiga aikin rufe Jakara a cikin birni a shimfiɗa titi a kanta. An sa wa gyambo babbar riga mai aska takwas, kuma wanda ya ce yana jin ɗoyi sai ya nuna inda yake. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Allah sarki, ko me jikokinsu za su tono su tuna da su?

Sai dai wajibi ne a faɗakar da jama'a, domin ko a cikinmu an fara samun masu neman ɓata wannan suna. Ana gane su da alamominsu. Za ka ga mutum da girmansa ya sha fiya wata, ya ninke ledar ya sa a aljihu har sai ya sami kwandon shara, ko kunyar idon mutane ba ya ji. Akwai matar da ke zuwa cefane da kwandonta, mai kayan miya ya miƙo leda ta ce a bar ta. A gidanta ɓawo da sauran abinci na akuya ne ko na ramin taki, roba da gwangwani na 'yan gwangwan ne har a ba ta canji, matattun batura kuma a wani gwangwani take tara su inda yaro ba ya kaiwa. In hadari ya haɗo, sai ta hana yaranta fita da kwando, ta bar su suna kallon 'ya'yan maƙwabta ta taga. Akwai bakaniken da ke tara baƙin mai a jarka ya sayar. Akwai manomin da in ya gama feshi ba ya wanke tankinsa a rafi, ba ya jefa kwalbar maganin a ruwa, har yana dasa jema da itatuwa a gaɓa don ƙasa ta daina zaizayewa. Akwai masuncin da ya ƙi zuba gamalin a ruwa, ya zaɓi ya wuni yana jan koma.

Mafi haɗari su ne masu haɗa kai. Samarin unguwa su kafa ƙungiyar taimakon kai da kai, su fito ran Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da mai hankali ke amfani da dokar tsafta ya ƙara barci, su yashe kwata tun kafin damina. Da sun tsaya nan da sauƙi, domin al'ada ita ce a tara dagwalon a bakin kwatar a bar shi ya bushe, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito, kowa ya huta. Waɗannan sai su yi karo-karo su ɗauko mota ta kwashe. Su je wurin mai unguwa su kai ƙarar mai bututun masai, dattijon da ya haife su. Su roƙi liman ya sa maganar kogi a huɗubar Juma'a. In sun ga ruwan masana'anta ya fito da launi, su ɗauki hoto da waya, su rubuta rana da wuri, su kai wa hukumar muhalli a rubuce, su kai gidan rediyo, bayan mako biyu su koma su tambayi inda aka kwana. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, maimakon su karɓi atamfa da taliya su yi addu'a, sai su tambaye shi yaushe motar shara za ta fara shigowa layinsu, yaushe za a tilasta wa masana'antu tace ruwansu, yaushe za a haƙa wa masu lambun Jakara rijiyoyi. Irin wannan ɗabi'a tana yaɗuwa. Layi ɗaya ya fara, na kusa ya gani ya kwaikwaya. In aka yi sake, wata rana yaro zai leƙa daga kan gada ya hango ƙasan ruwa, ya ga yashi, ya tambayi ubansa ina baƙin da ake ba da labari.

Don haka, ya ku masu kyauta, ku riƙe wuta. Damina tana tafe, a tanadi kwanduna, a bar kwata yadda take. Sai dai kowane gida ya ajiye sukari da gishiri a kusa saboda tukwicin bana. In yaro ya fara amai da gudawa, ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana hanyar asibiti. Ruwan a tafasa shi tukuna.